Ƙailula Jiya da Yau: Daga Inuwar Masallacin Madina Zuwa Ƙwayoyin da Dattawanmu Ke Haɗiya



Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya sanya barci hutu ga bayinSa, alhali Shi ba Ya barci. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa masu bibiyar wannan zaure, rubutun yau mai tsawo ne. Wanda bai samu sarari yanzu ba ya ajiye shi sai bayan lisha.

A bazarar bara na lura sahun farko na sallar la'asar ya fara yin giɓi. Dattawan da muka taso muka tarar suna rigan ladan zuwa masallaci, da asuba suna nan, da magariba suna nan, amma la'asar sai a nemi wasunsu a rasa. Wata rana bayan sallama na miƙe na yi nasiha a kan girman la'asar da haɗarin sakaci da ita. Ban ambaci sunan kowa ba, amma a gari irin Kance ba sai an ambaci suna ba. Bayan kwana 2 ɗan ɗaya daga cikinsu ya same ni a zaure, ya durƙusa ya ce: "Allah ya gafarta Malam, maganarka ta isa kunnen Baba, har ya yi hawaye. Wallahi tashinsa muke yi, sai ya buɗe ido ya dube mu kamar bai san mu ba, ya koma." A wani gidan kuma da na aika a tambaya, amsar da aka kawo mini ita ce: "Ai Alhaji sunna yake rayawa, ƙailula yake yi." Amsar farko ta ba ni kunya, ta biyu ta ba ni tsoro. Su ne suka mayar da ni ga littattafai, suka kuma kai ni gaban ma'aikatan lafiya ina tambaya kamar ɗalibi.

Mu fara da kalmar kanta. Ƙailula Larabci ce, ta shigo bakinmu tare da karatu, kamar yadda walaha da azahar da la'asar suka shigo. Malamin luga Al-Azhari, wanda ya rasu a shekara ta 370 bayan Hijira, ya bayyana cewa a wurin Larabawa ƙailula hutun tsakar rana ne lokacin da zafi ya tsananta, ko da babu barci a cikinsa. Ya kafa hujja da aya ta 24 ta Suratul Furƙan, inda aka siffanta ƴan Aljanna da kyakkyawan wurin ƙailula, ga shi kuwa a Aljanna ba a barci. A riƙe wannan, za mu buƙace shi nan gaba: wanda ya kishingiɗa ya huta, idonsa biyu, ya yi ƙailula.

Alƙur'ani ya tarar da wannan al'ada kafaffiya, bai rushe ta ba, sai ma ya yi mata shinge. A aya ta 58 ta Suratun Nur an umurci yara da masu hidimar gida su nemi izini kafin su shiga wa manya a lokuta 3, ɗayansu shi ne tsakar rana, sa'ad da mutum ke tuɓe tufafinsa don hutu. Ku duba fa, hutun rana ya samu alfarma irin ta kafin asuba da ta bayan lisha. Yau kuwa ko yaro bai faɗo ɗaki ba, waya za ta faɗo.

Mafi daɗin labarin da na sani a wannan babi yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, a farkon littafin, wurin lokutan salla. An ruwaito cewa Aƙilu ɗan Abu Ɗalib yana da wata ƴar shimfiɗa da ake ajiyewa ranar Juma'a a gindin bangon yamma na masallacin Madina. Idan inuwar bangon ta rufe shimfiɗar gaba ɗaya, sai Sayyidina Umar ya fito ya ba da sallar Juma'a, sannan mutane su koma gida su rama ƙailular da ba su yi ba da hantsi. Shimfiɗa da inuwar bango, su ne agogon Madina. Sahlu ɗan Sa'adu kuma, a ruwayar Buhari da Muslim, ya faɗa cewa ranar Juma'a ba su cin abincin rana, ba su ƙailula, sai an sauko daga masallaci. Abin da ake fahimta daga ruwayoyin nan biyu shi ne, a sauran ranaku ƙailularsu kafin azahar take, Juma'a ce kaɗai ke tura ta baya saboda sammako zuwa masallaci. Ma'ana, salla ce ke yanka wa barci lokaci. Barci bai taɓa yanka wa salla ba.

Har laƙabin da Sayyidina Aliyu ya fi so, a ƙailula ya same shi. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya je ɗakin Nana Faɗima da rana bai tarar da shi ba. Ta shaida masa cewa wani ɗan saɓani ya shiga tsakaninsu, ya fita, bai yi ƙailula a wurinta ba. Aka gano shi kwance a masallaci, mayafinsa ya zame, ƙasa ta manne a jikinsa. Manzon Allah (SAW) ya riƙa kakkaɓe masa ƙasar yana kiransa Abu Turab, wato mai turɓaya. Ni abin da ke ɗaukar hankalina a nan shi ne, rashin ganin mutum a shimfiɗarsa da tsakar rana ya isa a gane akwai abin da ya faru. Mutanen Madina suna karanta halin junansu daga barcin rana. Wannan karatun ne ya kuɓuce mana.

Haka nan a ƙailula ne, a gidan Ummu Haram ƴar Milhan, matar Ubadatu ɗan Samit, aka nuna wa Manzon Allah (SAW) wasu daga al'ummarsa suna hawa teku don ɗaukaka addini, ya farka yana murmushi. Ta roƙi ya yi mata addu'a ta kasance cikinsu, ya yi. A zamanin Sayyidina Usman, wajen shekara ta 28, ta bi rundunar da Mu'awiya ya ƙetara da ita tsibirin Ƙubrus, ta faɗo daga kan dabbarta ta rasu a can. Har yau akwai masallaci kusa da garin Larnaka da ake jingina wa kabarinta.

Sai batun jinkirta azahar saboda zafi, wanda malamai ke kira ibradi. Umurnin yana cikin Muwaɗɗa da Buhari daga Abu Huraira. Sayyidina Umar ya rubuta wa gwamnoninsa su yi azahar idan inuwa ta kai kamu guda, Ibnu Abi Zaid kuma a Risala ya ambaci mustahabbancin a jinkirta ta har inuwar kowane abu ta ƙaru da rubu'in tsawonsa bayan zawali. Wannan ne asalin abin da kuke gani a garuruwanmu, rana ta karkata tun wajen ƙarfe 12 da rabi amma ba a tayar da salla sai wajen ƙarfe 2. Samarin da ke nuna mini agogon salla na cikin waya suna cewa mun makara, su sani ba mantuwa iyayenmu suka yi ba. Sun bar wa manomi da ɗan kasuwa da tsoho tazarar da zai huta, ya yi alwala, ya iso jam'i da hankalinsa.

Da aka zo zamanin wallafa, malamai suka yi wa ƙailula iyaka a rubuce. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505, ya kwatanta matsayinta ga mai tsayuwar dare da matsayin sahur ga mai azumi, ya so mai yin ta ya farka kafin zawali gwargwadon abin da zai isa ya yi shirin salla. Ya kuma yi wani lissafi mai sanyaya jiki: barcin dare da na rana a haɗe kada ya wuce awa 8, domin ko a hakan wanda ya rayu shekara 60 ya ba barci 20. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751, ya bi ra'ayin likitocin zamaninsa a Zadul Ma'ad, ya ɗauki barcin rana abu mai cutarwa in ban da na tsakar rana lokacin zafi, ya kuma fi ƙyamar na farkon yini da na bayan la'asar. A nan zan yi gyara guda, domin ina yawan jin ana faɗa: maganar da ake jingina wa Annabi (SAW) cewa barcin bayan la'asar na kawo taɓin hankali ba ta inganta ba a wurin malaman hadisi. Kada a tsorata tsofaffi da marasa lafiya da ita.

A ƙasarmu, ƙailula ta tarar da rana mai koyar da ita ko babu littafi. Wanda ya san Afirilu da Mayu a Damagaram, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san jiki da kansa ke neman inuwa. Aikin gandu da sassafe ake fita, a tashi wajen azahar, a ci abin da aka kawo daga gida, a miƙe ƙarƙashin gawo ko tsamiya, in rana ta yi sanyi kowa ya nufi gayaunarsa. Fataken da suka riƙa bin hanyar Kano da Gwanja da jakuna, madugu kan tayar da ayari tun da duhu don a ci tafiya kafin rana ta take, a sauka zango. Makarantar allo ma haka muka yi ta: karatun safe, a tashi, a dawo bayan azahar, sannan na dare a gaban wutar kara. Malaminmu, Allah Ya jiƙansa, yakan jingina da bango a kan buzunsa, carbi a hannu, ya rufe ido gwargwadon abin da almajiri zai wanke allo ya shanya. Ban taɓa ganin an tashe shi don salla ba.

Nasara da suka ci Damagaram a 1899, suka zaunar da mulkinsu a can daga 1911 har suka mayar da shi Yamai a 1926, ba su yi faɗa da wannan tsari ba, domin su ma rana ta hore su. Ofis da lakwal aka raba musu yini biyu, a tashi da tsakar rana, a dawo da yamma. Suna da nasu sunan, siyes, wanda suka aro daga mutanen Sifen, asalinsa kuwa kalmar Rumawa ce mai nufin sa'a ta 6 daga fitowar rana. Sai daga baya gwamnati ta kawo aikin yini a jere, ma'aikaci ya shiga da safe ba ya fita sai yamma.

Amma a zamanin Nasaran ne mutanen ƙasar Hausa suka ga wani irin barcin rana da ba hutu ba ne, ajali ne ke sallama. Ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke ɗauka, ya yi ɓarna mai yawa a shekarun 1930 a ƙasar Zazzau da kudancinta. Alamarsa idan ya yi nisa ita ce juyewar lokaci: mutum ya kwana ido biyu, da rana kuma ya yi barci da lomar tuwo a hannu. Hukumar Ingilishi ta kai ga sare kurmin bakin rafuka a yankin Anchau, ta haƙa rijiyoyi, ta tayar da mutane zuwa sabon gari da aka sa wa suna Takalafiya. A ɓangaren Faransa kuma likita Eugène Jamot ya shahara da yawo ƙauye-ƙauye, da farko a Kamaru, daga baya a Wagadugu, ana jera mutane ana lalubar wuyansu don neman kaluluwa. Mu nan ƙasar rairayi Allah Ya sauƙaƙa mana, tsando ba ya zama inda babu kurmi, amma fatake da ƴan ci-rani sun gani sun kawo labari. Na kawo wannan ne don abu guda: kakanninmu sun rigaya sun koyi cewa barcin rana iri biyu ne, akwai wanda mutum ke yi, akwai wanda ke yin mutum.

Tsando ya ja baya. Abin da ke kwantar da dattawanmu yau ya biyo ta wasu ƙofofi.

Ƙofa ta farko tsufa ne kansa, kuma wannan babu laifin kowa a ciki. Allah Ya ambaci komawar ɗan Adam ga rauni da furfura bayan ƙarfi a aya ta 54 ta Suratur Rum. Likitoci sun tabbatar cewa idan shekaru suka ja, barci mai nauyi na dare yana raguwa, mutum yakan farka sau da yawa, barci ya ɗauke shi da wuri, ya kuma sake shi tun kafin kiran farko. Ƙara da fitsarin dare ga maza saboda kumburin da ke matse mafitsara, da ciwon gwiwa da na baya, da zafin ɗaki a bazara, da sauro da damina. Bashin da dare ya ci, rana ce ke biya. Mu kuma mun ƙara wa dare nauyi da hannunmu: shayi zagaye 3 bayan magariba, goro, Nescafé, hirar fada a ƙofar gida har tsakar dare, da waya mai haske a fuska. Akwai kuma mai minshari mai ƙarfi wanda numfashinsa ke ɗaukewa yana dawowa cikin barci. Shi yana ganin ya kwana, alhali jikinsa kokawa ya kwana yi. Matarsa ce ta san wannan, ita ya kamata a tambaya.

Ƙofa ta biyu ita ce wadda na fi so mu tsaya a kanta, domin ita ce a hannunmu. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin Sefa da rabi. Maganin da ake shigowa da shi daga Faransa ya ninka kuɗi cikin dare ɗaya, talaka ya juya wa farmasi baya. Waɗanda suka kai shekaruna sun ga yadda daga nan tallar magani ta cika kasuwanni, a faranti, a kan keke, a kan tabarma kusa da mai tattasai. Mu da ke kan hanyar Matameye zuwa Ɗan Barto zuwa Daura ba sai an ba mu labari ba. Yau tsoho kan aiki jikansa da ƴan canji ya ce a samo masa na mura, na ciwon jiki, da na cin abinci, a ƙullo masa a leda ba kwali ba takarda.

Ga abin da ma'aikatan lafiya suka fahimtar da ni game da abin da ke cikin ledar. Yawancin maganin mura da na ƙaiƙayi na ɗauke da sinadari mai sa barci, irin su Piriton da Phenergan. Maganin buɗe ciki da mata ke sha don ƙiba, wanda ake ba tsoho idan ya rage cin abinci, irin su Periactin da danginsa, daga wannan gidan yake, shi ma yana kwantarwa. Tramol da ake sha don ciwon jiki, da ruwan tari mai kodin wanda Najeriya ta hana haɗa shi da shigo da shi a 2018, suna sa maye da gyangyaɗi, suna kuma danne numfashi. Daga cikin magungunan asibiti na halal ma akwai masu wannan hali: Aldomet na hawan jini, Gardénal na farfaɗiya, da amitiriptilin da ake ba masu ciwon jijiya. Lasilix kuma ba ya sa barci da kansa, amma idan aka sha shi da yamma sai ya kwana yana tayar da mutum fitsari, gobe ya wuni yana layi.

Sai uban tafiyar, diyazefam, wanda kamfanin Roche ya fitar a 1963 da sunan Valium. Tsoho ya ce ba ya samun barcin dare, a ba shi ƙwaya guda. Abin da ba a gaya masa ba shi ne hanta da ƙoda suna tsufa kamar yadda gwiwa ke tsufa. A jikin ɗan shekara 20, rabin wannan magani kan bar jini cikin kusan awa 20. A jikin ɗan shekara 80 yana iya ɗaukar kwana 3 ko fiye. Ya sha na Asabar, bai fita ba ya ɗora na Lahadi, ya ɗora na Litinin. Kafin mako ya zagayo, mutumin da ke neman barcin dare ya samu barcin dare da rana, da jiri, da mantuwa, da faɗuwa a bayan gida. Karayar ƙugu ga ɗan shekara 80 kuwa kun san inda takan kai. Tun 1991 wani likitan Amurka mai suna Mark Beers ya tsara jerin magungunan da ya kamata a yi kaffa-kaffa da su ga tsofaffi, ana sabunta shi har yau, kuma diyazefam da waɗancan magungunan mura suna ciki.

Mai ciwon sukari yana da nasa haɗarin daban. Idan ya sha ƙwaya irin Daonil bai ci abinci ba, ko ya ɗauki azumi bai shawarci likita ba, sukarin jininsa na iya faɗuwa. Sai a gan shi kwance yana gumi, maganarsa ta harɗe, a ce a bar Alhaji ya huta. Wannan ba hutu ba ne. In yana iya haɗiya a ba shi ruwan sukari nan take, in ba ya iya haɗiya kada a ɗura masa komai, a ɗauke shi zuwa asibiti. Haka wanda zafi ya buge. A farkon Afirilun 2024, cikin goman ƙarshe na Ramadan, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali, asibitin Gabriel Touré na Bamako kuma ya ƙirga mutuwar mutum 102 cikin kwana 4, da yawansu tsofaffi.

Masu bincike na wannan zamani sun auna barcin rana, sakamakonsu kuwa bai yi nisa da rabon da malamanmu suka yi ba. A 2007 an wallafa binciken da aka yi a kan mutum fiye da 23,000 a ƙasar Girka, aka ga masu ƙailula a kai a kai mutuwarsu ta ciwon zuciya ta yi ƙasa da ta marasa yi da kashi 37 cikin 100. Wannan gefe guda. A ɗaya gefen, a 2022 masu bincike a Amurka sun fitar da sakamakon bin tsofaffi 1,401 har tsawon shekara 14, da na'ura ɗaure a hannu tana ƙirga barcinsu. Suka ga barcin rana na ƙaruwa da kusan minti 11 kowace shekara ga tsoho mai lafiya, amma ga wanda gigin tsufa irin na Alzheimer ya kama, ƙaruwar takan kai minti 68. Waɗanda ke wuce awa guda kullum kuma haɗarin kamuwarsu da wannan gigi ya ɗara na sauran da kashi 40 cikin 100. Kada wani ya karanta wannan ya hana mahaifinsa kwanciya. Binciken bai ce barcin ne ke haifar da cutar ba; sau da yawa shi ɗan aike ne da ke riga ta isowa. Hayaƙi ne, a nemi inda wutar take. Gwargwadon da likitoci ke yaba wa kuwa minti 20 zuwa 30 ne, kafin barci ya yi zurfi, domin wanda aka tasa daga mai zurfi yakan tashi da nauyin kai. Wankin allo da shanya shi ke nan.

Yanzu ga hukunci, a mazhabarmu ta Malikiyya.

Game da alwala, kowa ya karanta Ishmawi ya san rabon nan: barci mai nauyi yana warware ta, dogo ne ko gajere, mai sauƙi gajere ba ya warwarewa, mai sauƙi dogo an so a sake. Alamar mai nauyi ita ce carbi ya faɗi daga hannu ba ka sani ba, ko a yi magana kusa da kai ba ka ji ba. Dattijon da ke zaune yana jiran liman, in ya ga haka ta faru, ya sake alwala, babu kunya a ciki. Wanda gyangyaɗi ya kama ana huɗuba, sunna ta koyar da ya canza wurin zama.

Game da lokaci, wanda ya kwanta kafin lokacin salla ya shiga, barci ya rinjaye shi har ya fita, babu zunubi a kansa, sai dai ya rama da zarar ya farka, ba ya jira sai gobe. Amma wanda lokaci ya riga ya shigar masa, yana kuma kyautata zaton in ya kwanta ba zai farka ba sai ya fita, bai halatta ya kwanta ba sai ya yi salla, ko ya wakilta amintaccen da zai tashe shi. Barcin da magani ya jawo barci ne, ana rama sallarsa. Wanda kuma ya sha abin maye da gangan ba don lalura ba, ramuwa na kansa, zunubi na kansa. Ga maras lafiya na haƙiƙa akwai sauƙi: Risala ta ambaci cewa wanda ke tsoron hankalinsa zai gushe yana iya haɗa azahar da la'asar a farkon lokaci, wanda kuma tashi sau biyu ke wahalar da shi yana iya jinkirta azahar ya kusantar da ita ga la'asar ya yi su a tashi ɗaya. Wannan ba fatawar da za a ɗauka daga waya ba ce, mai wannan hali ya aiko a duba lamarinsa shi kaɗai.

Abin da nake roƙon ƴaƴa da matan gida shi ne, idan barcin ranar tsohonku ya canza, ya tsawaita, ko ya zama sai an jijjiga shi, ku tattara duk abin da yake sha, na asibiti da na kasuwa da na gargajiya da wanda ɗansa ya aiko daga Kano ko Libiya, ku zuba a leda guda ku kai wa ma'aikacin lafiya ya gani da idonsa. Kada ku yanke masa maganin hawan jini ko na farfaɗiya da kanku, kada kuma a tsayar da diyazefam farat ɗaya ga wanda ya daɗe yana sha, domin yankewar na iya kawo jijjiga. Sau da yawa gyaran bai wuce a sauya lokacin sha ba, na safe ya koma dare ko na dare ya dawo safe.

Dattijon da na fara ba ku labarinsa, haka aka yi masa. Da aka zazzage ledarsa aka samu iri 6. Biyu likita ya rubuta, sauran 4 daga kasuwa, kuma 3 daga cikinsu masu sa barci ne, yana haɗa su bayan ya sha furar rana. Aka janye wasu a hankali, aka mayar da ɗaya dare. Na je har gida na nemi gafararsa a gaban ƴaƴansa, ya ce: "Liman, ai ni ma na ɗauka Shaiɗan ne ya samu kaina." Cikin mako 3 ya dawo wurinsa a bayan liman, dama da ladan. Na gidan da aka ce sunna yake rayawa kuwa, ba a kai shi ba sai bayan ya faɗi a tsakar gida, yanzu a zaune yake salla, jikokinsa na karɓa-karɓa wajen tuna masa raka'a. Ku sa shi a addu'a, Allah Ya ba shi lafiya, da sauran marasa lafiyarmu.

Mai tambaya a kan haɗa salla ya same ni a zaure bayan la'asar, ban da Alhamis. Mata su aiko ta hannun malamar Islamiyya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.